Yadda Gawo Ya Bar wa Gero Damina

Dalilin da ya sa gawo yake kakkaɓe ganyensa da damina, lokacin da kowace bishiya take ado, sai rani ya kankama ya yi kore shar, ba taurin kai ba ne kamar yadda wasunku suke cewa. Ku matso ku ji.

A da can gawo ba shi da bambanci da sauran itatuwa, ruwa ya sauka ya tofo, ruwa ya ɗauke ya zubar. A zamanin akwai wani manomi mai suna Nomau. Ƙwazo kam yana da shi, sai dai idonsa ba ya ganin komai a gona in ba gero ba. Duk bishiyar da ta yi wa shukarsa inuwa, gatari ne maganinta. Ya sare marke, ya sare kanya, ya bi aduwa ya kayar, har gonar ta yi fetal. Iska ta samu hanya tana kwashe ƙasa, geron ya fara fitowa a tsamure. Nomau bai ga laifin kansa ba, ya ce ai gawon nan da ya rage a tsakiyar gona shi ne ya hana ruwa gudu.

Ranar sassabe ya saɓo gatari ya nufe shi. Ya ɗaga ke nan sai gawo ya yi magana.

"Dakata, Nomau. Me na tsare maka?"

"Rana ka tsare wa gerona."

"In don wannan ne, na bar maka daminar. Ruwa yana sauka zan zubar da ganyena ya zama taki, rana ta ratsa ta kai ga geronka. Da rani in yi ganye, ka sha inuwa, awakinka su ci 'ya'yana."

Nomau ya sauke gatari yana sosa ƙeya. Ya ce, "Kai kuma me zan ba ka?"

"Ka gaya wa 'ya'yanka, shi ke nan. Wanda duk ya gan ni tsirara da damina zai ɗauka na mutu."

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Nomau.

Da sauƙin kuwa, amma bai yi ba. Irin iyayen nan ne da ba su san yi wa yaro bayani ba, sai dai yi kaza, bari kaza. Ga kuma girman kai. Ta yaya zai zauna gaban iyalinsa ya ce ya yi sulhu da itace? Kullum sai ya ce gobe.

Damina ta faɗi, gawo ya cika alkawari. Geron da ke ƙarƙashinsa ya tashi har ya wuce kan mutum. In maƙwabta sun tambayi Nomau sirrin, sai ya gyara hula ya ce iya noma ne kawai.

Da aka shiga marka, icen girki ya yi wuya. Tabawa, matar Nomau, tana ta fama da jiƙaƙƙen ice, hayaƙi ya mai da idonta jawur. Ɗansu Jatau, saurayi ne mai tausayin uwa, ya kasa jure ganinta haka.

Ya ce, "Inna, bar wahalar nan. Akwai mataccen gawo a gonarmu, ko ganye ɗaya babu a jikinsa. Zan kawo miki icen da zai kai ki kaka."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Ran nan Nomau yana kasuwar ƙauye. Da ya dawo ya biyo ta gona, sai ya hangi sarari inda bai saba ganin sarari ba. Ya ƙarasa wurin da sauri. Ga gawo kwance ya danne geron, ga Jatau tsaye yana kallon wurin saran.

"Baba, ashe ɗanye ne. Sai da na yi nisa na gane. Me zai sa itace mai rai ya zubar da ganye da damina?"

Nomau ya ɗaga hannu zai mare shi, hannun ya tsaya a sama. Amsar tambayar nan tana bakinsa tun kafin a yi shuka. Ya zauna a kan kututturen ya kwashe labari ya gaya wa yaron.

Jatau ya ce, "Da ka gaya mini, Baba." Maganar ta fi zagi yi wa Nomau ciwo.

Da rani kututturen ya yi toho. Uba da ɗa suka kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Nomau ya riga ya saddaƙar cewa sulhu ya warware, tunda shi ya fara saɓawa. Amma da ruwan farko ya sauka, ɗan tsiron nan ya kakkaɓe 'yan ganyayyakinsa kamar yadda babban ya yi. Kunya ta kama Nomau har ya yi hawaye. Tun daga ranar ba ya miƙa wa yaro gatari sai ya kai shi gaban gawo ya yi masa bayani.

Shi ya sa har yau gawo yake tsayawa tsirara cikin damina, gero yana tashi a gindinsa. Shi dai bai taɓa fasa nasa alkawarin ba. Namu kuwa ga shi na sauke, saura ku gaya wa ƙannenku tun hannunsu bai iya riƙe gatari ba.