Inuwar Benen Sarki

An yi wani sarki a Birnin Rimaye, sunansa Mamuda, mai son adalci, amma mai saurin alkawari. Wata rana ya yi wa Madugu Tanimu izinin gina bene hawa huɗu a tsakiyar Unguwar Marina, inda karofi ya girmi fadar kanta. Marina suka kawo kuka, suka ce in bene ya tare musu rana, shanya ta mutu, sana'a ta bi ta, unguwa ta watse.

Sarki ya kira Waziri Ƙasimu, ya ba shi kwana uku ya kawo hukuncin da ba zai ƙaryata sarki ba, kuma ba zai tashi marina ba, in ya kasa, ya ajiye rawani. Da ni mai ba ku labari ne a wurin, da yini guda ya ishe ni, amma wa ya taɓa neman shawarata?

A rana ta uku Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, “Allah ya ba ka nasara, a yi doka ɗaya. Cikin tsohuwar ganuwa, kada a bar ginin da inuwarsa ke taɓa wurin shanya da hantsi. Mai son tsawo ya fita bayan gari, can sama ba ta da mai ita.”

Madugu ya fusata, ya ce ai maganar sarki ba ta tashi. Waziri ya roƙa a je a auna tukuna.

Da hantsi aka fita. Waziri ya ɗibi toka yana bin bakin wata inuwa da ta rufe shanya, har ya kewaye ta. Sarki ya tambaya ko inuwar ginin wa ce. Ya ɗaga kai, sai ya ga sabon benensa ne, wanda ya gina bara. Dogarai suka matso kusa da Waziri.

Sarki ya dubi tokar, sannan ya ce, “A kira magina, a sauke hawan sama kafin Juma'a. Madugu, izininka na nan, in ka iya ɗaga naka bisa inda na rushe nawa.”

Madugu ya sunkuyar da kai, ya roƙi fili a bayan gari. Aka yafa wa Waziri alkyabba, marina suka rina masa rawani.

Dokar da ta fara cin gidan sarki, ba gidan da zai ƙi ta.