Rigar Sajan Ta Yi Shuɗi

Wai ran kasuwa ne, Gwaggo Tambai mai ɗanwake ta taho da ƙullin garin rogo, aka tare ta a shingen bincike. Sajan Bawale, wanda kakinsa ya sha sitaci har yana ƙara, ya kwance ƙullin.

"Iya, wannan farin garin hodar iblis ce."

"Ɗana, rogo ne. Ɗanɗana ka ji."

"Ba a ɗanɗana shaida. Kwalba ce ke magana."

Ruwan gwajinsu kuwa ya ƙare tun bara, sai ya ɗauko aidin na wanke ciwo ya ɗiga. Garin ya koma shuɗi.

"Kin gani? Duk abin da ya yi shuɗi, mai shi sai gidan yari. In kina musu, ki ƙaryata kwalbar ba tare da kin taɓa garin ba."

Gwaggo ta ƙura wa kakinsa ido. Can sai ta tuna ita ke sayar wa mai wankin su Sajan garin da yake dama sitaci.

"Ranka ya daɗe, kwalbar ba ta ƙarya?"

"Ko sau ɗaya."

"To gwada min a kan abu mai tsarki in ga bambanci. Ga rigarka nan."

Ya ɗiga a aljihu yana taƙama. Aljihun ya yi shuɗi shar.

Gwaggo ta miƙa hannu biyu. "Sa mana ankwa mu tafi, ɗana. Ni ƙulli ɗaya na ɗauko, kai kuwa har wando."

Sajan ya ƙulle mata garinta da kansa, ya ɗora mata a ka.