Zabbin Dillali a Gidan Gwauruwa

Akwai wani dillalin gidaje mai zaƙin baki. Wata rana wata gwauruwa ta zo wurinsa, tana so ya sayar mata da gidan da mijinta ya bari, don ta koma kusa da 'yarta, gama tsufa ya kama ta. Dillali ya bugi ƙirji a gaban jama'a, ya ce, "Inna, ba na son la'ada. Don Allah zan yi." Ta sa masa albarka, ta miƙa masa makulli.

Da ya buɗe gidan, ya ga fili ga doguwar katanga, sai ya ce a ransa, "Aikin da ba la'ada, gaggawar me?" Ya kwaso zabbinsa ya zuba a ciki. Kai, zabbi suka samu wuri, ƙwai har kwando! Daga nan duk mai saye da ya zo, sai dillali ya tare shi a ƙofa, ya rage murya: "Ɗan'uwa, ba zan cuce ka ba, gidan nan macizai ne fal." In an ji kukan zabbi kuwa, ya ce na maƙwabta ne.

Damina ta wuce, gwauruwa tana ta jira, har labarin macizai ya kai kunnenta. Ta tara mazan unguwa da sanduna, ta aika dillali ya kawo makulli. Aka buɗe. Ko saɓar maciji babu, sai zabbi ƙosassu.

Ta ce, "Ɗana, waɗannan fa na wane ne?"

Dillali ya dubi sanduna, ya dubi jama'a, ya ce, "Ni ma yau na fara ganinsu, Inna."

Ta ɗaga hannu sama: "Madalla da mai ciyar da gwauraye!" Ta sa aka yanke su duka, unguwa ta sha dabge. Ta miƙa wa dillali ƙafa ɗaya, ta ce, "Ka ƙi la'ada, amma wannan kam sai ka ci." Ya ci, yana godiya, hawaye na zuba. A makon nan gida ya samu mai saye.

Ma'anar wannan misali ita ce, amana ba ta raguwa don ba a biya ka ba. Kai mai riƙe da makullin majami'a, ke mai lura da gonar maƙwabciya, kada ku ce, "Ai kyauta nake yi." Ranar da ka karɓi makulli, ka karɓi nauyi. Mai gida kuwa zai zo ya ce a buɗe, kuma ba zai aiko maka da ranar zuwansa ba.