Balbelar da Ta Daina Bin Garke

An yi wata Balbela a fadamar Ruwan Kanya, fara fat, ga ta da ji da kai. Maƙwabcinta wani Carki ne mai jan baki, wanda ba ya iya ganin abu ya yi shiru. A fadamar kuma akwai wani Hankaka mai daɗin baki, wanda ba a taɓa ganin sa yana wani aiki ba, amma kullum da ƙoshinsa.

Sana'ar Balbela ita ce bin garken ɓaunaye. Idan suna kiwo, kofatansu kan tayar da fara daga cikin ciyawa, ita kuma ta bi bayansu tana cafkewa. Carki kuwa a gadon bayansu yake yini yana cire musu kaska. Da wannan aiki Balbela take ciyar da 'ya'yanta uku: ɗan farinta da ya riga ya yi fiffike, da ƙanana biyu da ke cikin sheƙa.

Sai dai tsuntsaye sun yi yawa a fadamar, garken kuwa bai ƙaru ba. Kowace ɓauna tana da masu binta, babu gurbin sabo. Samarin tsuntsaye sai su jeru a kan reshe tun hantsi har la'asar suna hamma, ɗan Balbela ma yana cikinsu. Wannan abu yana ci mata rai ƙwarai.

Ana haka sai lokacin zaɓe ya zo, domin duk bayan damina uku tsuntsaye kan zaɓi Sarkin Fadama. Masu takara biyu suka fito, wani tsohon Gauraka da Hankaka.

Gauraka ne ya fara magana a gindin babbar tsamiya. Ya ce, "Jama'a, ni ba ni da aikin da zan ba kowa. Aiki yana ƙarƙashin kofaton ɓauna. Abin da za mu iya shi ne mu riƙa yi wa garken gadi, mu sanar da su in zaki ya doso, su sami kwanciyar hankali su hayayyafa, wasu garkunan su ji labari su zo. Zai ɗauki damina uku ko huɗu."

"Damina huɗu?" in ji wani saurayi. "Kafin nan ai mun mutu!"

Aka yi wa Gauraka ihu har ya sauka.

Hankaka ya hau reshe, ya turo farin ƙirjinsa gaba. "'Yan'uwana, ku dubi kanku! Mai farar riga irin ta Balbela, a ce ta yini cikin taɓo tana bin gindin ɓauna? Ku zaɓe ni, kowane tsuntsu zai sami aiki, kuma a inuwa. Kowa da reshensa, kowa da muƙaminsa. Ɓaunaye ne za su koro muku fara har gindin tsamiyar nan. Sun daɗe suna cin ciyawarmu a banza!"

"Sai ka yi! Sai Hankaka!" Tsamiya ta ɗauka. Kafin a watse yaran Hankaka suka raba wa kowa gara bibbiyu.

Balbela ta koma gida tana jin kanta a sama. A gaban taro guda aka ambaci sunanta, aka yabi rigarta.

Carki ya tare ta a hanya. "Maƙwabciya, na ga har rawa kike yi ɗazu."

"To, kuka zan yi? Yaron nan zai sami aiki."

"Aikin me? Tambayi Hankakan mana. Zama a kan reshe shi ne aiki? Ai shi samarin suke yi tun bara!"

"Kai dai baƙin ciki ne ke damun ka, don ba a ambace ka ba."

"Ni a bayan ɓaunaye nake yini, na san halinsu. Ɓauna ba ta da reshe a nan, ba ta da sheƙa. Ranar da aka takura mata, ƙafafunta huɗu ne."

"Mai cin kaska har ya san siyasa?" in ji Balbela. "Gafara, Malam Carki, kada ka ɓata min riga."

Ranar zaɓe aka ja layi biyu. Balbela ta tsaya a sahun gaba a layin Hankaka, ɗanta a gefenta. Layin ya miƙe har bakin ruwa. A bayan Gauraka kuwa Carki ne kawai da wasu tsofaffi da ba su fi goma ba.

Hankaka ya ci zaɓe, kuma a makon farko ya cika alkawari. Ya raba muƙamai har sai da rassan tsamiya suka ƙare. Balbela ta zama Babbar Mai Duba Fara. Ɗanta ya zama Mataimakin Mai Duba Masu Duba Fara. Sannan Hankaka ya ɗauki rina aiki, ya ce duk ɓaunar da ta ƙi bin doka su harbe ta a hanci.

Dokar ita ce: kullum da safe ɓaunaye za su jeru daga ƙarshen fadama, su tako a jere har gindin tsamiya suna koro fara, su koma, su sake korowa, har sau shida. Sai bayan nan za su ci ciyawa.

Balbela aka aika ta kai wa shugabar garken saƙo, wata tsohuwar Ɓauna mai ƙaho ɗaya, wadda Balbela ta yi shekara biyar tana bi.

Ɓauna ta saurara tana tuƙa. Da aka gama ta ce, "'Yar nan, yaushe za mu yi kiwo?"

"Bayan kun gama aikin hukuma."

"Muna da masu shayarwa. Muna da maruƙa."

"Wannan kuma matsalarku ce, Inna. Shekara biyar ina bin bayanki, yanzu ke za ki zo gabana."

Ɓauna ta dube ta, ta juya.

Kwanakin farko sai ka ce biki. Fara ta riƙa zuba a gindin tsamiya, tsuntsaye suna ci daga zaune har suna zubarwa. Balbela ta cika wa 'ya'yanta ciki, ta yi ta gyaran gashinta, ƙafarta ko taɓo ba ta taɓa.

Amma kofato ɗari da sittin suna bin hanya ɗaya sau shida a rana. Kafin wata ya cika ciyawar hanyar ta mutu, ƙasa ta zama fako. Farar da ake korowa ta ragu, ta sake raguwa. Hankaka ya ce ɓaunaye ne ke zagon ƙasa, ya mai da zuwan sau tara.

Ɓaunaye suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Nono ya ƙafe. Wata rana da tsakar rana wani ɗan maraƙi ya faɗi a tsakiyar hanya, uwarsa ta tsaya a kansa, rina suka yi mata caa a hanci. Maraƙin bai sake tashi ba.

Washegari da sassafe Carki ya sauka a bakin sheƙar Balbela.

"Tashi, maƙwabciya. Garke zai ƙetare kogi, ba kuma za su dawo ba. Inna ta ce in kina so, gurbinki yana nan. Ki zo ki ga wurin, in ya so ki riƙa kawo wa yara abinci kafin su yi fiffike."

"In koma bin gindin ɓauna? Ni, Babbar Mai Duba Fara?"

"Wace farar za ki duba in sun tafi?"

"Mai girma zai hana su."

"Rina za su bi su cikin ruwa ne? Haba, Balbela! Ki ji tausayin ƙananan nan mana."

"Ka tafi ka ci kaskarka. Ni ma'aikaciya ce."

Carki ya girgiza kai ya tashi. Daga kan reshenta Balbela ta hango baƙaƙen bayansu suna shiga ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a ranta yunwa za ta koro su gida.

Ba su dawo ba. Tsuntsaye suka ci gaba da zuwa ofis kowace safiya, kowa ya hau reshensa ya zuba wa fako ido. Wanda a da yake da aiki da wanda ba shi da shi, yanzu duk sun zama ɗaya.

Balbela ta gwada farauta ita kaɗai a ragowar ciyawa. Amma fara ba ta tashi don nauyin balbela. Ta yini tana yawo ta kama uku. Ta kai wa ƙananan, suka haɗiye, suka sake buɗe baki.

Ta je wurin Hankaka. Sai da ta yi kwana biyu tana jira kafin aka bar ta ta hau reshen sama.

"Ranka ya daɗe, 'ya'yana suna mutuwa."

"Subhanallahi!" in ji Hankaka, yana goge baki a jikin reshe. "Kina ganin irin cin amanar da ɓaunaye suka yi mana? Amma kada ki damu, na kafa kwamiti. Har ma na ƙara miki girma. Daga yau ke ce Shugabar Masu Jiran Dawowar Fara."

"Ranka ya daɗe, muƙami ba ya shiga ciki."

"Haƙuri, Hajiya, haƙuri. Wa ke biye?"

Tana sauka idonta ya kai ga wani kogo a jikin reshen. Cike yake da ɓawon ƙwai, fari da shuɗi da mai ɗigo-ɗigo. Sai a lokacin ta gane inda ƙwan jama'a da ke ɓacewa yake zuwa duk sa'ad da iyaye suka tafi ofis, ta kuma gane dalilin da ya sa shi kaɗai bai rame ba. Ta buɗe baki za ta yi magana, rina biyu suka matso. Ta rufe bakinta.

Da ta isa gida, autar ba ta motsi. Bayan kwana uku ɗayan ma ya bi ta.

Balbela ta tashi ta ƙetare kogi. Sau biyu tana sauka a kan tsibiri ta huta, don fikafikanta ba su da ƙarfi. Can ta hango garken a wata fadama mai ciyawa har gwiwa, sun murmure, ga sababbin maruƙa. A bayan kowace ɓauna akwai balbelu biyu ko uku, 'yan wannan ƙasar, suna ta cafkar fara.

Ta sauka a gaban mai ƙaho ɗaya, ta sunkuyar da kai.

"Inna, na zo neman aiki. Kowane iri ne. Ko a bayan maraƙi."

Ɓauna ta daina tuƙa. "'Yar nan, ke ce kika koma haka? Ina yaran?"

"Ƙananan biyu sun mutu, Inna."

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji Ɓauna. "Ban riƙe ki a zuciya ba. Na ajiye miki gurbi kwana bakwai. Amma ki duba da idonki. Waɗannan su ma suna da 'ya'ya, kuma su suka karɓe mu lokacin da muka zo a rame. Wa zan kora?"

"To, ku dawo gida mana, Inna. Za a soke dokar."

"Wa zai soke ta? Ke?"

Carki ya sauko daga bayan wata ɓauna. Balbela ta jira ya ce ai ya faɗa mata, amma bai ce ba. Ya je ya roƙo mata fara biyu a wurin wata balbela, ya ajiye a gabanta, ya tsaya har ta cinye. Masu wurin kuwa suka fara zagaye ta suna hararar ta, don haka ba ta daɗe ba ta kama hanyar gida.

Haka ta rayu, yau a sami ɗan ƙwaro, gobe a kwana haka. Gashinta ya zube, abin da ya rage ya yi dauɗa. Tsuntsaye da yawa suka yi ƙaura, wasu suka mutu, tsohon Gauraka ma ya rasu.

Da damina uku suka cika, Hankaka ya sake fitowa takara, wannan karon babu mai ja da shi. Ya ce maƙiya ne suka hana shirin farko tafiya, amma yanzu zai samar da aiki dubu. Wanda ke gaba wajen yi masa kirari shi ne ɗan Balbela, an yi masa alkawarin reshe kusa da na sama.

Ta kutsa cikin taron ta kama fiffikensa. "Kai, zo mu tafi. Ƙwan mutane yake sha! Na gani da idona. Zo mu nemi wani garken, ko a ina yake."

"Inna, sake ni, kina kunyata ni," in ji shi. "Ni ban iya bin garke ba. Ke kika ce ba aikinmu ba ne."

Ya fizge fiffikensa ya koma cikin masu ihu. Balbela ta tsaya a wurin har aka watse. Sannan ta juya ita kaɗai, ta nufi yamma da ƙafa, inda aka ce an taɓa ganin sawun shanu.

Darasin wannan labari shi ne, yara, kada ku raina sana'ar da ke ciyar da ku don wani ya yi muku romon baka a lokacin zaɓe. Idan mai neman ƙuri'a ya ce zai ba kowa aiki, ku tambaye shi aikin me, kuma daga ina abincin zai fito. Aiki na gaskiya yana samuwa ne inda masu kiwo da masu noma da masu sana'a suka sami sakewa. In aka takura musu suka tashi, mai muƙami da marar muƙami duk yunwa ɗaya za su sha, wanda ya yi alkawarin kuwa shi ne na ƙarshe da zai rame.