Gwangwanin Man Kaɗanyar Mijinyawa

Akwai wani manomi a Madadi ta ƙaramar hukumar Gwarzo, sunansa Mijinyawa. Kakanninsa makiyaya ne, shi kuma abin da ya rage masa bijimai biyu ne da yake huɗa da su.

Wallahi ban taɓa jin mai tattalin shanu irinsa ba. Kullum da yamma, bayan ya kwance musu karkiya, sai ya ɗauko gwangwanin man kaɗanya ya zauna yana murza musu wuya. Ko ruwa ake tsugawa ba ya fashi.

Shi kuwa kafaɗarsa ta dama ta daɗe tana ciwo. Daga dokin wuya zuwa gwiwar hannu, jijiyar ta ɗaure tamau. Ya sha ƙwayar kemis har ya gaji. Da ƙyar mahaifiyarsa, Inna Altine, ta tura shi Kabo wurin Malam Gambo mai ɗori.

Malam Gambo ya latsa kafaɗar ya ce, "Ba karaya ba ce, gajiya ce ta taru. Ka gasa wurin da ruwan ɗumi, ka shafa mai, ka riƙa murzawa da hannunka na hagu, safe da yamma, har damina ta faɗi."

"Shi ke nan, Malam? Ba abin sha?"

"Shi ke nan. Wahalarsa ɗaya ce, kullum ake yi."

Kwana huɗu ya yi yana tausar. Da ya ji dama-dama sai ya watsar. In Inna ta tuna masa sai ya ce, "Inna, na gaji, sai gobe." Amma gajiyar ba ta taɓa hana shi zuwa turke ba.

To, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Ranar da ruwan shuka ya sauka, duk Madadi aka fita. Masu shanu kowa na ta kansa, domin laimar ba ta jiran kowa, kuma wannan gonar ce abincin gidan Mijinyawa na shekara. Ya ɗaura karkiya, ya kama garma. Kunya biyu kawai ya ja, hannun ya sage. Ya sake gwadawa, garmar ta kuɓuce ta faɗi gefe.

Ya zauna a bakin gona, abin tausayi, yana kallon bijimansa. Sun tsaya ƙyam, wuya na sheƙi, suna jiran ya ce mu je.

Kwana tara kafin hannun ya saki. Kafin nan ƙasa ta bushe, sai da ya jira wani ruwan, ya yi shuka a makare. Dawar da ya girbe ba ta kai rabin rumbu ba.

Ranar da aka gama zuba ta, ya ɗauki gwangwanin zai nufi turke kamar kullum. Inna Altine ta tare shi a ƙofa, ta kama hannunsa na hagu ta ɗora a kan kafaɗarsa.

"Ɗan nan, ku uku kuke jan garmar nan. Biyu kaɗai kake kiwo."

Darasi: Ladabtar da kai shi ne ka yi wa jikinka ƙaramin abin da yake buƙata kullum, har da ranar da ka gaji, har da ranar da ba ka jin ciwon. Jikinka ma amana ne. Ku tura wa duk wanda kuka san yana tattalin komai ban da kansa.