Jinkar da Ta Yi Gudu da Ƙafa Biyu

Akwai wani magidanci a wani ƙauye, sunansa Habila, wanda kowa ya san shi da ciwon kugu. Ba ƙarya yake yi ba, ku ji ni da kyau. Yana yaro ya faɗo daga kan jaki, kakarsa ta sure shi tana kururuwa: "Shi ke nan, kugun yaron nan ya tashi aiki!" Jakin ma a kwance yake lokacin. Amma maganar ta zauna masa, ya girma yana lallaɓa kugun nan kamar ƙwai.

A ƙauyen, a ƙasa ake haɗa jinka, wato rufin ciyawa na ɗaki ko na rumbu. In an gama sai a kira maƙwabta su ɗaga su ɗora, a sha kunu, a watse. Habila bai taɓa fashin zuwa ba. Yakan tsaya a inuwa, hannu a kugu, yana cewa, "Ku yi hagu! A'a, dama!" In an kawo kunu kuwa, kugun yakan yi sauƙi har ya sunkuya.

Ran nan da bazara guguwa ta taso, ta fizge jinkar rumbun Habila, ta kai ta bayan gari ta ajiye. A cikin rumbun akwai geron da za su ci har kaka, da irin shuka. Ga hadari kuma ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin.

Matarsa Rifkatu ta ce, "Baban Tabita, tashi! In ruwan nan ya shiga rumbu, tsiro za mu ci bana!"

Habila ya nufi gindin tsamiya inda maza suke zama. "Jama'a, ku cece ni! Jinkata!"

Maƙwabcinsa Irimiya ya yunƙura kamar zai tashi, sai ya dafe kugu. "Wash! Habila, ciwon nan naka ashe ana ɗauka." Sauran ma duk suka dafe nasu. Irimiya ya ce, "Amma je ka, daga nan za mu riƙa gaya maka hagu da dama."

Habila ya isa wurin jinkar shi kaɗai, hawaye na zuba. Ɗigon ruwan sama na farko ya sauka a ƙeyarsa. Ya ce, "Ya Ubangiji, kai ka san kuguna." Ya rarrafa ya shiga ƙarƙashinta, ya kafa kai a tsakiya, ya riƙe itatuwan, ya miƙe. Ya tsaya yana jira ya ji ƙas!

Shiru.

Ya ɗaga ƙafa. Shiru. Ya ƙara. Kai jama'a, sai gudu!

Na gindin tsamiya suka hango jinka ta shigo gari da ƙafa biyu tana ta da ƙura. Karnuka suka tsere, kaji suka haye katanga. An ce har shinge ta tsallake. Ni dai ban ga wannan ba, amma wanda ya ba ni labarin ba ya ƙarya sai ranar kasuwa.

Irimiya ya yi tsalle ya ce, "Waɗancan ba ƙafafun Habila ba ne? Ku tashi, mutumin nan ya kunyata mu!" Suka bi ta a guje suna dariya, kugun kowa ya warke. A gindin rumbu suka kama tare, suka ɗaga, suka ɗora. Suna sakin hannu ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ko ƙwayar gero ɗaya ba ta jiƙe ba.

Habila ya tsaya cikin ruwan yana lanƙwasa nan, yana lanƙwasa can. "Maman Tabita! Ashe lafiyata ƙalau!"

Ta ce, "Ni na sani tun ranar da ka ga maciji a ɗaki. Garma tana bayan ƙofa."

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Kugun Habila shi ne baiwar da Allah ya sa a cikin kowannenmu. Maganar kakarsa ita ce abin da aka taɓa faɗa maka, "ba za ka iya ba", ka ɗauka ka rungume har ka tsufa da shi. Guguwa kuwa ita ce wahala. Ba ita ta ba Habila ƙarfi ba. Ƙarfin yana nan tun da daɗewa, Ubangiji ya riga ya ba shi. Guguwar dai daga inuwa kawai ta kore shi. Ku kuma lura: shi ya kawo jinkar, amma ɗorawa sai da 'yan'uwa. Saboda haka in iska ta yaye rufinka, kada ka ce Allah ya yashe ka. Yi addu'a, ka sunkuya, ka miƙe, ka ji ko wani abu zai ce ƙas.

Af, ranar Asabar za a ɗora jinkar ɗakin baƙi na majami'a. Kowa ya zo da kugunsa.