Baƙin Dutsen da Auta Ya Kai Wa Mai Wasa Wuƙa

Akwai wani tsohon direban babbar mota da ya rasu ya bar iyali, ya kuma bar wani baƙin dutse a kan kabad. Bai kai tafin hannu ba, yana sheƙi kamar gilashi, gefensa duk ɓalle-ɓalle. Irin wanda dutse mai aman wuta ke fitarwa ne, masu tara duwatsu na ce masa obsidiyan. A wata doguwar tafiya ya tsinto shi.

Can baya, in ya dawo gida, sai ya tara yaran a bakin taga ya ɗaga dutsen ga rana, su ga gefen dutsen ya yi ruwan zuma. In matarsa na ɗinki, da shi yake yanke mata zare, yana cewa, "Almakashinki ya ji kunya."

Shekaru suka ja bayan rasuwarsa, rufin ɗakin matar tasa ya fara yoyo. Autan gidan ya ɗauki hoton dutsen ya tura wa wani dillalin duwatsu. Nan take dillali ya kira, ya faɗi kuɗin da zai sake rufin har da saura. Ya ce, "Kawo shi yadda yake."

Auta ya juya dutsen ya yatsine fuska. A ransa ya ce, in da tabo ya yi wannan tsada, ina ga an gyara shi?

Da ya ce zai kai a goge shi, uwar ta ce, "Kai Auta, ubanka bai taɓa bari ko soso ya taɓa shi ba. Bar shi."

"Haba Inna! Ko tsohon takalmi za ki sayar ai sai kin goge."

Ya wuce wajen mai wasa wuƙa, aka ɗora dutsen a inji, ya fito sumul.

Ya kai wa dillali. Dillali ya karɓa ya duba. "Ina na cikin hoton?"

"Shi ne wannan. Gyara na yi masa."

Dillali ya dafe kai. "Ɗan'uwa, ka kashe shi! Ɓalle-ɓallen nan sassaƙa ce. Mutanen da, tun kafin a san ƙarfe, su suka fere shi ya zama wuƙa. Aikin hannunsu muke saye. Mai santsi irin wannan, a buhu ake kawo min shi, ana yin sarƙar wuya."

Auta ya dawo, ya miƙa wa uwar dutsen. Ba ta yi faɗa ba. Ta yi ta shafa dutsen tana neman 'yar lotsawar da babban yatsan mijinta ke zama. Babu. Ta mayar da shi kan kabad, ta ce, "Ɗauko min bokiti, hadari ya haɗo."

Darasi: Ba duk tabo ba ne lalacewa. Abin da iyaye suka adana yadda yake, a tambaya kafin a sa masa hannu, kuma in babba ya ce bari, a bari. Ku tura wa yaran yanzu masu ganin sun fi kowa sani.